Gwajin Haske

Duk layin babu wanda yake kiransa da sunan da aka raɗa masa. Kar-ka-motsa ake ce masa, don tun yana saurayi ba ya danna kyamara sai ya ɗaga yatsa ya faɗi haka, ko da jariri ne a gabansa. Tela maƙwabcinsa ya rantse ya taɓa jin ya faɗa wa wata sabuwar mota da aka kawo a ɗauka, alhali babu kowa a cikinta. Shi bai taɓa musawa ba, sai dai ya ce ai motar ta ji magana, ba ta motsa ba.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne tsakanin telan da mai sayar da magani, an raba shi biyu da falanki. Gaba akwai benci da kanta. Baya kuwa nan ake aikin: fitilu biyu masu lema, da kujera mai hannu wadda rabin mutanen unguwar sun taɓa zama a kanta sun ƙame, da wani labule mai zanen gidan bene da korama a gabansa. Ƙarfen da aka rataye labulen ya lanƙwashe ta gefe guda tun ranar da aka kafa shi. In ba a samu wani ya ja bakin labulen ya riƙe ba, sai gidan benen ya fito a hoto kamar zai rushe a kan mutum. Shekara da shekaru yana cewa zai kira mai walda. Mai waldan ya tsufa ya bar sana'a, ƙarfe yana nan yadda yake.

Riƙon labulen nan shi ya shigo da matarsa cikin sana'ar. Da fari abincin rana take kawo masa, sai ya ce ɗan riƙe mini nan. Daga ɗan riƙe mini sai ɗan duba mini, har aka wayi gari ita ce ta san wanda ya karɓi hotonsa da wanda bai karɓa ba. Shi ya fara ce mata Manaja da tsokana, sunan ya bi ta, har 'yarsu tilo ta tashi tana zaton sunan uwarta ke nan.

Da zamanin fim ya shuɗe, ruwan wankin hoto ya yi wuyar samu, Kar-ka-motsa ya yi fushi da duniya. Ya ce hoton da ba a wanke shi a duhu ba, ba hoto ba ne. Manaja kuwa ta je ta shiga wani ajin koyon kwamfuta da ake yi da yamma, ta zauna cikin sa'o'in 'yarta suna ce mata Mama, tana taɓa linzamin kwamfuta a tsorace kamar zai cije ta. Bayan 'yan watanni ta sa aka kawo kwamfuta aka ɗora a kan kanta, ta ba tela yadi ya ɗinka mata marufi. Daga ranar aka raba aiki, shi ya ɗauka, ita ta gyara ta wanke. Tsofaffin fina-finansa ma da ya tara a kwali, ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta shigar a kwamfutar. Allah ya sa ta yi, don daminar da ta biyo baya rufin ya yi yoyo, kwalin ya jiƙe, fina-finan suka manne da juna.

Ita dai da kwamfutar nan kamar uwa da jinjiri. Filashin baƙo ba ya shiga sai ta sa manhajar tsaro ta bincike shi, ko da mai shi yana tsaye yana duba agogo. In wani ɗan akwati ya fito a kusurwar allo yana cewa akwai sabuntawa, sai ta dakatar da komai ta bar shi ya yi, mijin yana ta tsaki don mutane suna jira a benci.

"Maigida," takan ce, "waɗanda suka ƙera ta ne suka gano ɓaraka suka aiko da faci. Ka fi so a bar ɓarakar?"

"Na fi so a sallami mutane."

"Za a sallame su. Babu wanda ya taɓa mutuwa don jiran fasfo."

Babbar gardamarsu a kan rumbu take. Rumbu wani ɗan baƙin akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, mai guntuwar waya. Duk ƙarshen mako sai ta jona shi da kwamfutar, ta kwafe duk abin da ke ciki, ta cire shi, ta naɗe a tsohon hankici, ta jefa a jakar hannunta. In sun isa gida ta sa shi a ƙasan kayanta a cikin kabad. Wannan abu yana ƙona wa Kar-ka-motsa rai, don ya saɓa wa karatun da ya yi. A wurin ubangidan da ya koya masa sana'a, fim da hotonsa ambulan ɗaya suke kwana, yaron da ya raba su kuwa sai ya sha mari.

"Uwa da ɗa ne," yakan ce mata. "Ba a raba su."

"In ɓarawo ya fasa shagon nan, uwar da ɗan zai kwasa tare. In gobara ce ma haka. Bar ni in raba su, su yi ta kewar juna."

An ce wanzami ba ya son jarfa. A gidan nan matar wanzamin ce ba ta so. Manaja ta ƙi jinin a ɗauke ta hoto. In aka ɗaga waya a wurin taro sai ta kare fuska da tafin hannu ko ta koma bayan wata. Ta ce ita da take wuni tana goge wa mutane ƙuraje tana rage musu tumbi a kwamfuta ta san ƙaryar da ke cikin hoto, kuma ba ta son fuskarta ta riƙa yawo a wayoyin mutane. Hoton aurensu ma babu. Ubangidansa ne ya ɗauka, da zumuɗi ya buɗe bayan kyamarar a rana, fim ɗin ya ƙone ƙurmus. Hannunta kuwa, da ke fitowa a gefen kowane hoto yana riƙe da labule, a zamanin fim shi yake datse shi da almakashi, a zamanin kwamfuta ita take yanke abinta da kanta.

Hanya ɗaya ce kyamara take samunta. Kowace safiya kafin mutane su fara zuwa, dole ya gwada fitilu ya ga ko hasken ya daidaita, kuma fitila ba a gwada ta a kan kujera wayam. Sai Manaja ta ajiye tsintsiya ta zauna. Tana da tawadar Allah a kumatu, 'yar ƙarama kamar ƙwayar gero, a kanta yake saita idon kyamara. In ta fito sarai, to komai ya fito.

"Kar ki motsa."

"Ina zan je? Yi sauri, ban gama shara ba. Kuma wannan gwaji ne, ba hoto ba. Gogewa zan yi."

"Ai aikinki ne gogewar."

Haka suka yi shekaru. 'Yarsu ta yi karatun jinya, ta yi aure, miji ya tafi da ita wani gari mai nisa. Su biyu suka rage, da shagon, da labulen da ba ya miƙewa.

Ciwon ya fara kamar wasa, da gajiya da rashin cin abinci. Shi ne ya fara lura, kuma a idon kyamara ya gani, don ya ga sai ya rage fitila ɗaya saboda ƙasusuwan fuskarta sun fara yin inuwa. Aka yi ta zaryar asibiti. A kwanakin ƙarshe da ta iya zuwa shago, ta jawo masa kujera kusa da kwamfutar ta ce ya zauna ta nuna masa. Ya ƙi. Ya san abin da zaman yake nufi, zuciyarsa kuma ba za ta iya ɗauka ba.

"In ɗan akwatin nan ya fito, ka bar shi ya yi aikinsa. Rumbun kuma, in ka gama kwafa..."

"Ke za ki warke ki zo ki yi abinki. Ni mai hoto ne, ba akawu ba."

Ta dube shi, ta yi ɗan murmushi, ta ja marufin ta rufe kwamfutar. Ba ta sake shiga shagon ba.

Bayan rasuwarta shagon ya daɗe a kulle. Da ya buɗe, dole ta sa ya koyi abin da ya ƙi koya, da taimakon wani mai gyaran kwamfuta da ke bakin titi, mutum mai haƙuri wanda Manaja ke kira in abu ya gagare ta. Ya koyi shigar da hoto, da yanke shi, da tura shi firinta. Labule kuwa sai ya ɗaure bakinsa da igiya a jikin ƙusa. Wata rana yana lalube yana neman tsohon hoton wata mata, sai ya ga wata folda a can ƙasa an rubuta mata Gwaji. Ya danna.

Ashe ba ta taɓa gogewa ba. Ko ɗaya. Ga ta nan safiya bayan safiya a kujera mai hannu, wani da tsintsiya a cinya, wani tana hararar kyamara, wani baki buɗe tana tsakiyar yi masa faɗa, wani kuma dariya ta ƙwace mata har hoton ya ɗan yi hazo. Ya ga ranar da ta fara sa tabarau. Ya ga furfurar farko a bakin ɗankwali. Ya ga ramewar, a hankali, har zuwa na ƙarshe inda ta jingina kai da kujerar. Ya rufe ƙofar shago da rana tsaka, ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne ta. Tela yana jin sa ta bango, ya tsayar da kekensa har ya gama.

Daga nan ya samu abin da yake tashinsa da safe. Ya buɗe shago, ya yi shara, ya kunna fitilu, sa'annan ya yaye marufin kwamfuta ya buɗe Gwaji. Hoto ɗaya yake kallo a rana, ya gaishe ta, ya ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya tashi daga layin. Ba ya jin kunyar abin, ya ce gara wannan da zaman majalisa.

'Yarsa ta zo ganin gida da tsohon ciki, ya nuna mata. Suka zauna a benci ɗaya suna kallo, tana dariya tana share hawaye.

"Baba, ka wanke mini guda ɗaya in tafi da shi."

"Wanne? In na zaɓi ɗaya na wulaƙanta sauran. Kuma in aka wanke aka rataye a bango, ya zama hoton mamaciya. A nan kuwa da ranta take."

"To tura mini a waya."

"Kin manta halin uwarki? Ta ce kar ta ga fuskarta a wayar kowa."

"Ni kowa ce, Baba?"

Ya ce zai duba mata mai kyau, a bar shi ya natsu. Ta koma ta haifi mace, aka sa mata sunan marigayiya, ana ce mata Ƙaramar Manaja. Duk sanda suka yi waya sai ta tuna masa, shi kuma ya ce yana nan yana dubawa. Daga baya suka yi yarjejeniya: in yarinyar ta yi wayon gane mutum, za a kawo ta, ta zauna a cinyarsa ta ga kakarta tun daga farko har ƙarshe, ita ce ma za ta zaɓi wanda za a wanke.

Rumbu kuwa, da farko ya so ya bi tsarinta. Ya buɗe kabad ɗinta don ya ɗauko shi, ƙamshin kayanta ya buge shi, sai da ya dafa gado. Ya ga ba zai iya buɗe kabad ɗin nan duk mako ba. Ya sa rumbun a aljihu ya kai shago, ya jona shi da kwamfutar, ya bar shi a nan. A ganinsa kamar tulu ne aka girke a ƙarƙashin famfo, kullum a cike. Can cikin ransa ma ya ɗan ji daɗi, uwa da ɗa sun koma ambulan ɗaya. Marufin da tela ya ɗinka yana rufe su duka biyun.

Ɗan akwatin sabuntawa kuwa bai fasa fitowa ba. Maɓalli biyu ne a jikinsa, na yanzu da na sai an jima, kuma yatsan Kar-ka-motsa ya haddace hanyar na biyun. Ya tuna wata rana da aka yi sabuntawa allon ya canza kama, Manaja ta yi ta mita tana mayar da kowane abu mazauninsa. Yanzu wa zai mayar? Yadda ta jera foldodinta, na aiki a gefe guda, na gida a ɗaya gefen, haka yake son su tsaya har abada. Alamar manhajar tsaro da ke kore a zamaninta ta koma ruwan ɗorawa, ta koma ja. Ya saba da jan har ya daina ganinsa.

Mai gyara ya lura ranar da ya zo duba firinta.

"Baba, kwamfutar nan rabonta da sabuntawa tun Mama tana nan. Ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bari in yi maka yanzu, ba ya ɗaukar lokaci. Rumbun nan kuma bai kamata ya kwana a jone ba."

"In ka yi, allon zai canza?"

"Zai iya ɗan canzawa."

"To bar shi. Gyara firintarka ka tafi, Allah ya yi maka albarka."

Mai gyara ya buɗe baki zai ƙara magana, ya dubi fuskar tsohon, ya haɗiye. Ya san ba da jahilci yake gardama ba, kuma bai san yadda ake gardama da kewa ba.

Abin ya zo ta hannun wani malamin makaranta, bawan Allah da bai nufi kowa da sharri ba. Ya shigo da hantsi a gurguje da filashi, yana son a wanke masa fasfo, motarsu tana shirin tashi. Filashin ya shiga kwamfutoci da yawa a shagunan buga takardu kafin ya iso nan. Da Manaja ce, da malamin ya tsaya ko motar ta bar shi. Kar-ka-motsa ya karɓa ya soka, ya wanke hotunan, ya yanke su, malam ya yi godiya ya fita da gudu. Ranar babu abin da ya faru, sai dai kwamfutar ta yi ta gurnani tana nauyi, fitilar rumbu tana ta ƙiftawa har ya tashi. Ya ɗauka aikinsu suke yi.

Washegari ya yi shara, ya kunna fitilu, ya yaye marufi. Allon da ya ƙi a canza ya canza. Bayansa ya zama baƙi, da dogon rubutu ja da harshen da bai ƙware a kai ba. Ya buɗe Gwaji. Sunayen suna nan a jere, kowanne da kwanan watansa, amma an liƙa musu wasu haruffa a wutsiya, kuma inda ƙananan fuskokinta suke fitowa sai fararen takardu. Ya danna na farko, bai buɗe ba. Ya danna na tsakiya. Ya danna na ƙarshe. Sai kuma ya tuna, har ya yi ajiyar zuciya ya ce a fili, "Ai akwai rumbu." Ya buɗe rumbun. Fararen takardu ne daga sama har ƙasa.

Bai ma kulle shagon ba ya tafi kiran mai gyara. Mutumin ya zo ya cire wayar intanet, ya zare rumbun, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, bairos ne, cutar kwamfuta irin mai kulle kaya. Hotunan suna nan, amma an sa musu kwaɗo, mabuɗin yana hannun waɗanda suka aiko shi. Wannan rubutun cewa suke a biya su."

"A biya su. Zan sayar da fitilun da kyamarar. Shagon ma."

"Ɓarayi ne, Baba, babu wanda ya san inda suke. Na ga wanda ya biya, suka karɓa suka yi shiru. Ba zan kai ka ka rasa shago a kan alkawarin ɓarawo ba."

"Rumbun fa? Ai don irin wannan ranar ta saye shi."

Mai gyara ya sunkuyar da kai. Ya so ya tausasa maganar, bai samu ta inda zai tausasa ba.

"Duk abin da yake jone da kwamfutar bairos ɗin yake bi. Da rumbun a gida yake, da kafin rana ta yi tsaka na mayar maka da komai."

Kar-ka-motsa ya koma ya zauna a kujera mai hannu, wadda bai taɓa zama a kanta ba tun da ya saye ta. Da-na-sani ƙeya ce. Ya ji muryarta sarai tana cewa rumbun kuma, in ka gama kwafa, ya kuma ji tasa muryar tana katse ta. Mutuwar farko ta Allah ce, ya karɓa ya yi haƙuri. Wannan ta biyun da hannunsa ya yi ta, kuma da sunan ƙauna ya yi ta, shi ne abin da ya fi ci masa rai.

Mai gyara ya cire ma'ajiyar cikin kwamfutar, ya haɗa da rumbun ya miƙa masa. Ya ce ya adana su, kar ya bari kowa ya goge, don wani lokaci akan kama irin waɗannan mutane a saki mabuɗinsu, ko da yake ba zai yi masa alkawari ba. Tsohon ya naɗe su a hankicinta. A karon nan ya buɗe kabad ɗin, ya tsaya cikin ƙamshin har ya gama ajiyewa.

Kiran 'yarsa ya fi komai wuya. Ta saurara har ya kai ƙarshe.

"Baba, sau nawa na roƙe ka? Guda ɗaya tak na ce."

Ta ji numfashinsa a waya, sai ita ma ta fashe da kuka tana cewa ya yafe mata, ba haka take nufi ba. Ya ce haka take nufi, kuma gaskiya ta faɗa.

Ba hotunan Manaja kaɗai suka tafi ba, na unguwa duka sun tafi. Mutane suka riƙa zuwa neman hoton uba ko na ɗan da ya rasu, yana ba su haƙuri tsaye da hula a hannu. Wasu suka yi faɗa, wasu suka yi masa jaje. Shi kuma ya shiga bin gidajen tsofaffin abokan cinikinsa yana roƙon a nuna masa hotunan da ya taɓa wanke musu, ko za a dace ta faɗo a gefen wani. Aka yi ta sauko masa da firem daga bango, ana zazzage ambulan. Aikinsu ya yi kyau ƙwarai, shi da ita. Babu inda suka bar ko farcenta.

Tela ne ya shigo wata rana da yamma da wani hoto da ya koɗe, gefensa ya nannaɗe.

"Ka tuna ranar da na sayi keken nan sabo, na sa aka ɗauko shi har nan ka ɗauke mu tare? Zumuɗi bai bar ni na jira ka datse shi ba, na fizge na tafi. Duba nan."

Ga tela da gashinsa baƙi ƙirin yana dafe da keken ɗinki, ga gidan bene a miƙe. A can gefe kuwa, hannu ne daga wuyansa zuwa yatsu, da siririn awarwaro, ya damƙi bakin labule. Babban yatsan ya ɗan lanƙwashe baya yadda nata yake yi. Kar-ka-motsa ya riƙe hoton da hannu biyu ya daɗe. Tela ya ce ya riƙe, shi ya gaji da ganin kansa da gashi.

Yanzu an sa wa kwamfutar sabuwar ma'ajiya. In ɗan akwati ya fito, yana danna na yanzu, ya naɗe hannu ya jira, ko mutum nawa ne a benci. Ya sayi sabon rumbu, duk ƙarshen mako yana kwafa ya cire ya tafi da shi gida. Ba ya kuskure ko sau ɗaya. Fasfon mutane ne a ciki, da hotunan 'yan makaranta, da hoton telan da ya sa mai gyara ya shigar masa.

Da hutu ya zo, 'yarsa ta kawo Ƙaramar Manaja. Yarinyar ta yi wayo, bakinta ba ya hutawa. Ta zagaye shagon, ta taɓa lemar fitila, ta tambayi ko akwai kifi a koramar labule, sa'annan ta haye cinyarsa.

"Kaka, Mama ta ce a nan za a nuna mini mai sunana."

Ya ɗauko hoton telan daga aljihun gaba, ya nuna mata gefen.

"Ga ta nan. Wannan hannunta ne."

Yarinyar ta kawo ido kusa, ta juya hoton ta duba bayansa.

"Ina sauran?"

"Sauran tana bayan labule."

"To yaya fuskarta take?"

Ya gyara zama. Wannan kam ya san zai iya, shi da ya yi shekaru yana saita kyamara a kan fuskar nan kowace safiya. Ya ce doguwar fuska ce, da tabarau, da harara mai sa mutum ya gyara tsayuwa. Ya ce tana da tawadar Allah 'yar ƙarama a kumatu.

"A ina? Nuna mini a nawa."

Ya ɗaga yatsa ya nufi kuncinta na dama, ya tsaya. Ya mayar da shi na hagu, ya sake tsayawa. Ya rufe ido ya nemi fuskar, ta zo masa da hazo kamar hoton da mai shi ya motsa. Ya buɗe ido ya dubi 'yarsa da ke tsaye a bakin falanki. Ta ɗaga hannu ta taɓa kuncinta ɗaya, ta taɓa ɗayan, sai ta juya ta fuskanci bango.

Yarinyar tana nan zaune a cinyarsa, ta miƙa fuska ta ƙame tana jira, yatsansa yana kai da komo a tsakanin kumatunta.